Inda 'yan mata ke zubewa tsakanin aji ɗaya da jami'a

Wanda ya tsaya bakin ƙofar wata firamare a cikin birnin Katsina ko Daura da ƙarfe bakwai da rabi na safe zai iya rantsewa maganar karatun ɗiya mace ta zama tarihi. Ƙananan hijabai ke ta kwarara, aji ɗaya ya cika har wasu na zaune a ƙasa, a wasu makarantun ma matan sun fi mazan yawa. Sai dai a bi wannan ajin shekara goma sha biyu, a je ɗakin jarrabawar NECO a ƙirga waɗanda suka iso. Daga nan a fita birni, a yi wannan ƙirgar a wani ƙauye na Baure ko Sabuwa. A nan ne lissafin ke canzawa.

'Yan mata ba sa barin makaranta da ɗai-ɗai a kowace shekara daidai wa daida. A magama suke zubewa, wato wurin da ake sauya makaranta ko sauya mataki: daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa babba, sannan daga babbar sakandare zuwa kwaleji ko jami'a. Kowace magama da nata ciwon, kuma maganin wata ba ya yi wa wata. Shi ya sa gangamin wayar da kai na rana ɗaya, da riguna da huluna da jawabin babban baƙo, ke cika aji ɗaya amma ba ya kai ko yarinya guda aji huɗu na sakandare.

Ba yau aka fara ba. An kafa Kwalejin Katsina a 1921 domin maza, kuma a 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka buɗe cibiyar karatun 'yan mata a Katsina, tare da irinta a Kano. Kafin wannan ma akwai 'yan taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da jajinta masu kai karatu har cikin gidaje. An yi UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976, an yi dokar UBE a 2004 wadda ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Ke nan kusan shekara ɗari ana abu ɗaya, ya kamata a ce mun san inda tulun ke yoyo.

Abu na farko da ke ɓoye matsalar shi ne rajista. Sunan yarinya na iya zama a rajista shekara biyu bayan an kai ta ɗakin miji, domin babu hedimastan da ke son adadin ɗalibansa ya ragu, da adadin ake rabon littattafai da malamai da kujeru. Don haka kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, idan da gaske yake, ƙirga uku zai riƙa yi dabam-dabam. Akwai waɗanda aka rubuta. Akwai waɗanda aka gani da ido a aji, kuma wannan ƙirgar a yi ta sau biyu a mako ba tare da sanarwa ba, ɗaya ranar kasuwar garin, ɗaya wata ranar. Sannan akwai waɗanda suka tsallaka, su kuma da suna ake bin su, ba da adadi ba: a ɗauki jerin sunayen 'yan aji shida na watan Yuli, a je ƙaramar sakandare a watan Oktoba a duba su ɗaya bayan ɗaya. A ce sunaye arba'in ne aka samu ashirin da biyar. To sauran goma sha biyar ɗin kowace tana da gida da uwa da uba da mai unguwa, kuma kowace tana da dalili. Cikin sati biyu mutum uku za su gama zagaya gidajen. Idan aka bari har Janairu, an sa wa wasu rana.

Matsalar aji shida tun daga aji ɗaya ake shuka ta, kuma shekaru ne. Tsarin ya ɗauka yaro zai shiga firamare yana shekara shida, ya gama yana sha biyu, ya gama ƙaramar sakandare yana sha biyar, babba kuma yana sha takwas. A ƙauyuka da yawa ba a kai yarinya sai ta kai takwas ko tara, ko don nisa, ko don ita ke rainon ƙaninta, ko don ana jira ta ɗan yi nisa a allo. Wadda ta shiga tana tara za ta gama aji shida tana sha biyar. Ta zama budurwa a cikin yara, samari sun fara sallama da ita, maƙwabta sun fara magana. Maganar a ƙara mata shekara shida a makaranta ba za ta shiga kunnen kowa a gidan ba. Wadda ta shiga tana shida kuwa, a wannan shekarun ta riga ta rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Yarinya ɗaya ce, gida ɗaya, ra'ayin uba ɗaya, shekara ukun nan kaɗai suka raba su. A ganina babu aikin da ya kai wannan arha da riba: a kowace damina mai unguwa da liman su fitar da sunan duk yarinyar da za ta cika shekara shida kafin Satumba. Makarantar allo ba ta hana wannan, tun da da asuba da yamma ake yin ta, Islamiyya ma haka.

Sai kuma abin da ake samu idan an je. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara talatin da biyar a firamare. Ajin da ke da yara ɗari da malami ɗaya ba a koyon karatu a cikinsa, amshi ake yi. Uwa tana lura. Idan ɗiyarta ta yi shekara huɗu tana zuwa amma ba ta iya karanta saƙon waya da Hausa ba, alhali ƙanwarta da ke Islamiyya ta haddace izu biyu, ta riga ta yanke hukunci a kan wace makaranta ce ke aiki, kuma ba ta yi kuskure a lissafinta ba. Gwajin ba shi da wahala. A ba ɗalibar aji uku gajeren labari na Hausa mai layi biyar, a ce ta karanta a fili, a yi mata tambaya biyu a kansa. Idan rabin ajin suka kasa, kada a ɓata lokaci wajen wa'azin muhimmancin ilimi, a koma kan baƙi da wasali, minti arba'in kullum, a raba yaran bisa abin da suka iya maimakon bisa ajinsu. Shirin RANA da aka yi a Katsina da Zamfara a ƙarƙashin UNICEF a kan wannan ya tsaya, karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa. Ciyarwar da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ta jawo yara sosai, amma aji ɗaya zuwa uku ta shafa, ta tsaya daidai inda yarinya ke fara amfanuwa a gida.

Amfanin nan shi ne talla, kuma a nan ne masu jawabi suka fi yin kuskure. Ana maganar talla kamar mugun hali ne da za a bari idan an ji nasiha. Talla tsarin kuɗi ne. Matar da ke cikin gida tana yin awara ko ƙosai ko fura ko kwaɗon zogale, ba ta fita, ɗiyarta ce ƙafarta. Ribar tana shiga adashi, adashin yana zama kwanuka da kuloli da zannuwan gado, wato kayan ɗakin ita yarinyar. Uba shi ke da gado da katifa da kujeru, amma sauran tarkacen da dangin miji za su zo su duba, uwa ake kallo. Wanda ya ce mata ta cire yarinya daga talla ya ce mata ne ta tsayar da sana'arta, ta kuma shirya jin kunya ranar jere. Abin da ke aiki shi ne a taɓa lissafin kansa. Wasu gidajen suna mayar da tallar bayan ƙarfe biyu, su sauya abin sayarwa daga na safe kamar koko da ƙosai zuwa na yamma. Wasu matan unguwa suna haɗa kayansu a teburi ɗaya a ƙofar makaranta, dattijuwa ɗaya ta sayar wa kowa. Inda kuma ake ba da tallafin kuɗi, sharuɗɗa uku ne ke sa ya yi amfani: ya shiga hannun uwa, ya iso a satin farko na zango, kuma a ɗaure shi da zuwa aji wanda aka ƙirga da ido. Kuɗin da ya iso bayan wata biyar ya zama kyauta kawai, don an riga an yanke shawarar tuntuni.

A ƙara da kaka. Zangon farko yana farawa a Satumba, ya faɗa daidai kan roron wake da tsinkar gyaɗa, a yankin Funtua kuma har da cirar auduga. Yarinyar da ta rasa sati huɗu a zangon farko na sabon aji da wuya ta kamo sauran, daga nan sai kunya, daga kunya sai fashi.

Magama ta farko, aji shida zuwa ƙaramar sakandare, yawanci ƙafa ce ke yanke ta. Firamare tana cikin gari, sakandare tana wani gari, domin firamare da yawa ne ke zuba ɗalibai a sakandare ɗaya. Kilomita biyar tafiyar sa'a guda ce zuwa, sa'a guda dawowa, ta cikin gonaki, da damina gero ya fi mutum tsawo. Namiji a saya masa tsohon keke. Mace mai shekara goma sha uku ba uban da zai sake ta a wannan hanyar ita kaɗai, kuma bai kamata a kira shi jahili don ya ƙi ba. Kuɗin acaba kullum kuwa, idan aka tara na wata, ya fi ƙarfin mai noman buhu goma. A Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume maganar ta wuce nisa, ta zama ta rai. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, da kuma 'yan matan Jangebe a Zamfara a Fabrairun 2021, an rufe makarantun kwana na wani lokaci, kuma iyaye da yawa ba su sake yarda da kwana ba ko da aka buɗe. Ga ɗiyar ƙauye kuwa makarantar kwana ita ce hanyar da aka sani ta yin sakandare.

Mafita mafi kusa ita ce a kawo ƙaramar sakandare cikin harabar firamare: azuzuwa uku, ofis ɗaya, ban-ɗaki, da malaman da za su ɗauki Turanci da lissafi da kimiyya da sauran darussa. Yarinya ta gama aji shida, ta tsallaka fili ta shiga sabon aji, babu sabuwar hanya, babu sabon izini da za a nema wurin uba. Wani ɓangare na shirin AGILE, mai tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare, wannan ya nufa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 dominsa a 2020, kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, tare da Kano da Kaduna da Kebbi da Borno da Filato da Ekiti. Gini da gyaran makarantu, tallafin kuɗi ga iyaye, koyar da kwamfuta da dabarun zaman duniya, duk suna ciki. Inda irin wannan aiki ke lalacewa sananne ne: a gama gini, a shafa fenti, a yanke ƙyalle, sannan a tuna ba a turo malami ba. Ko a gina a filin da wani babba ya ga dama, can bayan gari, nisan da aka zo gyarawa ya dawo. Kafin a sa harsashi ya kamata a zauna da iyaye mata a tambaye su hanyar da za su yarda 'ya'yansu su bi. Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Inda kuma ba a kai ga gini ba, tafiya a ayari tana taimakawa, yara goma ko fiye su tashi lokaci ɗaya daga wuri ɗaya, da babba ɗaya da ake karɓa-karɓa tsakanin gidaje.

"Kyauta" ma kalma ce da ke buƙatar fassara. Ba a biyan kuɗin makaranta, amma sabon mataki na nufin sabon yunifom da hijabi, takalmi, jaka, littattafan rubutu wajen goma, kuɗin PTA, wani lokacin da tsintsiya da fartanya. Duka a sati ɗaya suke faɗowa, a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon amfani bai shigo ba. Idan yara biyu ne suka tsallaka a gida ɗaya, kuɗin kuma na mutum ɗaya ne, kowa ya san wanda za a ce ya jira baɗi. Kwamitin makaranta zai iya rage wannan ba da ko sisi daga gwamnati ba: a yarda sabuwar ɗaliba ta zo da yunifom ɗinta na firamare har ƙarshen zangon farko, a raba kuɗin PTA kashi uku, a karɓi tsofaffin kayan waɗanda suka gama a ba na baya.

A cikin ƙaramar sakandare ne yawancin 'yan mata ke fara al'ada, tsakanin shekara sha biyu zuwa sha huɗu, kuma abin da ba a son faɗa a taro shi ne ban-ɗaki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantu ita ce masai ɗaya ga 'yan mata ashirin da biyar, da wani dabam na malamai mata, da ruwa lita biyar ga kowane ɗalibi a rana a makarantar jeka-ka-dawo, lita ashirin a ta kwana. A gwada wannan da makarantar da ke da ɗalibai mata ɗari shida da ramuka huɗu, biyu ba ƙofa, ɗaya an kulle na malamai ne. Yarinyar da ke zama gida kwana uku a kowane wata ta rasa kwana ashirin da bakwai a wata tara na karatu, sama da sati biyar ke nan. Ba wanda zai rubuta dalilin, sai dai a ce ba ta da ƙoƙari. Gyaran ba na miliyoyi ba ne: ƙofa mai sakata ta ciki, bangon da ya raba na mata da na maza har mashigarsu ta bambanta, randa ko tanki da buta da sabulu, bokiti mai murfi, da audugar mata da hijabi ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana a ajiye wurin malama. Sannan a sa wanda alhakin wankewa da cika ruwa ke wuyansa, da suna, domin ban-ɗakin da ba shi da mai shi wata uku yake yi ya mutu.

Na ce wurin malama, to sai in akwai ta. Makarantar da duk malamanta maza ne, yarinya ba ta da wanda za ta gaya wa ta ɓaci, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara idan wani malami ko ɗan acaba ya fara yi mata maganar banza. Iyaye sun san haka, kuma yana cikin abin da suke aunawa ko ba su faɗa ba.

Magama ta biyu, bayan jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare, ita ce ta aure. Dokar dole ta ƙare a nan, yarinya tana tsakanin sha biyar da sha takwas, akwai dogon hutu tsakanin jarrabawa da fitowar sakamako da rabon makarantu, kuma a cikin wannan hutun ake kawo kuɗin gaisuwa. Faɗa da aure a wannan gaɓar ba ya cin nasara, kuma ba shi ne abin da yawancin iyaye ko 'yan matan ke nema ba. Abin da ke yiwuwa shi ne a sa karatu cikin maganar auren tun ranar da manya suka zauna. Alkawarin saurayi a zaure cewa "za ki ci gaba" ba ya kai wata shida. Wanda waliyyi ya faɗa a gaban wakilan ango da shaidu, aka ambaci makarantar, aka faɗi wanda zai biya kuɗin jarrabawa da na mota, aka kuma sanar da uwar miji, shi ne ke da nauyi. Uwar miji musamman, don sau da yawa a ɗakinta ake kashe maganar. Idan ana iya ja da ranar biki zuwa bayan jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wadda ake yi tsakanin Mayu da Yuli, ya fi sauƙi ga kowa. Idan ba a iya ba, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, akwai azuzuwan mata na hukumar ilimin manya, kuma ana iya roƙon shugabar makaranta ta karɓi ɗalibar da ta dawo da goyo. Abin da ke korar mai goyo yawanci ƙaramin abu ne, rashin ɗaki ɗaya da tabarma da dattijuwar da za ta riƙe jariri daga takwas zuwa ɗaya.

Akwai wata asara a wannan magamar da ba ta bayyana a kowace ƙirga, domin yarinyar tana nan a makaranta. Ita ce ta zaɓen darussa. A aji ɗaya na babbar sakandare ake raba 'yan kimiyya da 'yan adabi da 'yan kasuwanci. Makarantar da ba ta da malamin fiziks ko kemistiri ko ɗakin gwaji, kowa adabi zai yi ko yana so ko ba ya so. Bayan shekara uku sai uba ya zo da murna yana son ɗiyarsa ta shiga makarantar jinya a Katsina, ko ta ungozoma a Malumfashi, ko ta kiwon lafiya a Kankiya ko Daura. Sai a ce masa jinya da ungozoma suna buƙatar kiredit biyar, Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Ƙofar ta rufu tun tana shekara sha biyar ba wanda ya sani. Abin takaicin, aikin asibiti shi ne karatun da ko uban da ya fi kowa tsauri yake yarda da shi, don ba ya son namiji ya duba matarsa. Saboda haka tambayar da za a yi kafin a karɓi gurbin babbar sakandare ita ce: wa ke koyar da fiziks a nan, kuma sau nawa yake shiga aji a mako?

Magama ta uku takardu ne suka fi cin mutane a cikinta. Hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN tun 2021. Da ita ake neman lambar shiga ta hanyar tura saƙo daga layin waya, kuma wannan layin ya zama nata har ta gama, don ta kansa bayanai za su riƙa zuwa. Idan layin wani saurayi ne ko na mai shagon kwamfuta, ranar da aka ɓata an rasa komai. Sai suna. Yarinya ɗaya tana A'isha a takardar haihuwa, Indo a rajistar firamare, Aishatu a WAEC, sunan uba a wata takardar, sunan kaka ko na gari a wata. Ranar haihuwa kuma kowane magatakarda da wadda ya ƙirƙira. Gyaran yana cin kuɗi da watanni, wani lokacin shekara guda ta tafi, kuma shekara guda a zaune a gida ga budurwa mai sha takwas kowa ya san ma'anarta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun tana aji biyu na babbar sakandare a ɗauko takardar haihuwa da ta NIN da ta shaidar ƙaramar hukuma a jera su, a tabbatar harafi da harafi sun zo ɗaya, kuma a cike fom ɗin WAEC da NECO daga jikin takardar NIN, ba daga baki ba.

Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, maki 400, kuma a kwamfuta ake yi. Ɗalibar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba tana iya ɓata minti ashirin na farko tana neman inda za ta danna. Zama biyar ko shida na gwaji kafin ranar ya isa ya cire wannan. Bayan sakamako akwai ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, akwai tantancewar makaranta, akwai karɓar gurbi a intanet cikin lokacin da aka ɗiba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa cinye gurbin wadda ta ci jarrabawa, don kawai babu wanda ya gaya mata akwai sauran mataki.

Wuraren zuwa kam jihar ba ta rasa ba. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam a Katsina, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, sannan a Daura akwai kwalejin Yusufu Bala Usman da kwalejin fasaha ta tarayya. Abin da ke yanke hukunci ga mace shi ne wurin kwana. Idan ba ta samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta ba, kuma ba ta da gwaggo ko yaya a garin, gidaje kaɗan ne za su yarda ta kama haya a waje. Don haka neman gado ya kamata ya tafi tare da biyan kuɗin rajista a rana ɗaya, kuma wajen cike fom a fara duba makarantar da ke garin da ake da dangi. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya shafi manyan makarantun gwamnati, shi ma da NIN da lambar JAMB da asusun banki mai sunanta ake nema. Ga matar aure kuma akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da karatun NCE, wato shaidar malanta, daga nesa na cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, waɗanda ba sa buƙatar ta bar gida kullum.

Daga wannan matakin ne malamar da aka rasa a ƙaramar sakandaren ƙauye za ta fito, kuma a nan zaren ke komawa farkonsa. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, shekara uku ake yi. Matan da ke samun ta yawancinsu 'yan birni ne, mazajensu a birni suke aiki, idan aka tura su ƙauye wata biyu suke yi su nemo canji, kuma ba laifinsu ba ne, babu gidan malamai, babu motar da za ta dawo da su kafin la'asar. Shirin GEP3 na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2022 kuma Katsina na ciki, ya gwada juya abin: a ɗauko yarinya daga ƙauyen kansa, a biya mata karatun NCE, da sharaɗin ta koma garinsu ta koyar. Tunanin daidai ne, don ita ba ta buƙatar gida ko mota, kuma iyayen garin sun san gidansu. Wuri biyu irin wannan tsari ke tsinkewa. Na farko, ƙauyen da ya fi buƙata shi ne wanda ba shi da ko yarinya ɗaya mai kiredit biyar da za a ɗauka, sai an fara yi mata shekarar share fage. Na biyu, ta gama ta dawo da takarda, sai a ce ba a ɗaukar ma'aikata bana, ta zauna shekara biyu tana koyarwar sa-kai, ta gaji ta bari, ƙannenta kuma suna kallo. Idan ƙaramar hukuma ko SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, za ta ɗauki nauyin irin wannan ɗaliba, takardar ɗaukar aiki da sunan makarantar da za ta koyar ya kamata a rubuta su tun ranar da aka ba ta gurbin karatu, a sa albashinta a kasafin shekarar da za ta gama.